Gurbin Ta-Tsakiya

Ranar da Marlee Cawood ta fara ganin Emmett, faɗa ake yi masa, kuma mahaifinta ne mai faɗan.

A wajen baje kolin amfanin gona ne, can gabashin Kentucky. An ɗauko Emmett ya kula da na'urar sauti, shi kuwa bawan Allah da ya ji an ce 'yan'uwa uku za su yi waƙa, sai ya jera makirufo uku.

"Wa ya aike ka?" in ji Baba Orville. "'Ya'yan Cawood a kan makirufo ɗaya suke waƙa. Kwashe biyu."

"Yallaɓai, so nake a ji muryar kowa."

"To, abin da ba na so ke nan."

Kowa a yankin ya san dalili. Muryoyin 'yan ciki ɗaya in sun haɗu sukan narke su zama ɗaya. Haɗin jini ake ce masa a duwatsun nan, kuma bare ko zai shekara yana gwaji ba zai samu irinsa ba. Dalton, babban wa, shi ke riƙe da muryar ƙasa. Tessa, autarsu, ita ke tashi sama, ita ake yi wa tafi. Marlee ce a tsakiya, muryar da ba mai lura da ita. Shekara goma sha ɗaya suna yawo a tsohuwar motar Baba, daga coci zuwa gidan rediyo, sai bana Nashville, birnin manyan mawaƙa, ta fara kiransu.

Da suka sauko, Emmett ya miƙo mata shayi mai ƙanƙara.

"A baiti na biyu numfashin yayanki ya ƙare," ya ce, "kika sauko kika tare masa. Na ji ki."

Marlee ta riƙe kofi ta kasa sha. Tunda take, ba a taɓa cewa an ji ta ita kaɗai ba.

Washegari saƙo ya shigo wayarta: "Ta-tsakiya, ina kwana? Kunnena ya ƙi komawa bakin aikinsa tun jiya."

Ta rubuta: "Mai makirufo uku, ka kai shi asibiti."

"Likitar tana Kentucky, kuma babanta ya tsane ni."

Haka aka fara. Duk inda za su yi wasa, sai a ga Emmett a bayan na'ura, ya kafa makirufo ɗaya tal kamar yaron kirki. Kafin kaka ta wuce soyayya ta yi musu kamun da ba su da yadda za su yi. Sai dai Emmett ɗan Oklahoma ne, tafiyar awa goma sha huɗu a mota. Mahaifinsa ya rasu ya bar wa mahaifiyarsa garken shanu, kuma ya yi mata alkawarin komawa kafin sanyi.

Ranar Lahadi bayan coci ya zo neman aure. Baba Orville bai ko ajiye soyayyiyar kazar da ke hannunsa ba.

"Saurayi, in ka ɗauke ta, ba mutum ɗaya ka ɗauka ba, uku ka kashe. Ga Boone mai kaɗa mana banjo, gidansu na bayan tudun nan. In aure take so, ga miji."

"Baba, Boone ko sunana sai ya yi tunani," in ji Marlee. "Yayar Tessa yake ce min."

"Zai koya."

Ta dubi Yaya Dalton, ya sunkuyar da kai. Ta dubi Tessa, idonta ya cika da hawaye, domin ita ce ta fi kowa mafarkin Nashville. Marlee ba ta ga laifin kowa a teburin ba, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan.

Abin ya ƙara lalacewa da Boone ya kai wa Baba labari cewa Emmett ya naɗi muryar Marlee ita kaɗai a waya, wai zai kai ta Nashville ya raba ta da 'yan'uwanta. Gaskiyar kuwa, a baranda ta rera masa, don ya riƙa ji a hanya. Baba bai tsaya jin bayani ba, ya ce kada ya sake ganin ƙafar Emmett a gidan.

Saƙon ƙarshe ya iso da hantsi: "Ta-tsakiya, na kama hanya. Ba zan iya barin Mama ba, ba kuma zan iya raba ki da naki ba. Na juya abin ta ko'ina, ban ga ƙofa ba. Ina son ki."

Ta rubuta amsa sau biyar tana gogewa. Me za ta ce masa?

Ta ci gaba da waƙa, tana tsayawa inda aka saba ganinta. Ranar Asabar ta uku, a gidan rediyo, ana tsakiyar baiti ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Dalton na ƙasa, Tessa na sama, tsakani fayau. Duk wanda ya kunna rediyo a gundumar ya ji ramin nan.

A hanyar gida Baba ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya juyo ya dube su.

"Kun san ni da Baffanku Harlan mun yi waƙa," ya ce. "Ya yi aure ya tafi Ohio aikin masana'anta. Na yi fushi, na daina waƙa, na daina ɗaukar wayarsa. Shekara ashirin da biyu. Da na je ganinsa, a cikin akwatin gawa na same shi." Ya share fuska da hularsa. "Tafiyarsa ba laifina ba ne. Sauran duk nawa ne. Marlee, kira yaron nan."

"Baba, ƙungiyar fa? Tessa fa?"

"Ban sani ba, 'yata. Wallahi ban sani ba."

Tessa ta rungume ta ta baya tana kuka. "Yaya, kira shi kafin in canja ra'ayi."

An ɗaura auren a ƙaramin cocinsu da bazara. Babu bikin da aka yi a kwarin nan cikin shekara goma da 'ya'yan Cawood ba su yi waƙa ba, don haka ango da kansa, cikin kwat ɗinsa, ya kafa makirufo ɗaya. Dalton ya tsaya a dama, Tessa a hagu. Jiki ya riga ya saba, sai suka bar gurbin mutum ɗaya a tsakaninsu ba su ma sani ba.

Suka fara. Waƙar ta fito a rame, mutane suka riƙa sunkuyar da kai. Marlee ta matse hannun Emmett, tana ji kamar ta tashi da rigar amarcin ta shiga, amma gobe fa, in ta tafi Oklahoma? Jibi fa?

Sai benci ya yi ƙara. Baba Orville ya miƙe, ya tako a hankali ya shiga gurbin. Muryar ta tsufa, tana rawa, amma da ya ɗauki layin Marlee sai ta zauna daram, ukun suka koma ɗaya. Jini ai jini ne.

Emmett ya sunkuyo kunnenta. "A baiti na biyu ya sauko ya tare wa Dalton. Daga wurinsa kika gado ashe."

Hawaye ya zubo mata.

Da aka gama, Baba ya zo ya dafa kawunansu. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu murya." Ya juya ga 'yarsa. "Je ki abinki. Zan riƙe miki wurinki. Amma ki riƙa kira, Marlee. Ko sau nawa ne, zan ɗauka."