Ranar da Gaɓar Rafi Ta Zabtare

"Yaya, ka bari! Wallahi kashe shi za ka yi!"

Auta ta faɗa kan Mai Dashe daidai lokacin da sandar ta sake saukowa. A hannunta ta sauka. Ta ji ƙarar ƙashin tun kafin zafin ya iso.

"Tashi daga kansa!" Yaya ya daka mata tsawa.

"Ba zan tashi ba! Ka haɗa mu ka gama."

Jini na bin fuskar Mai Dashe har cikin baki, amma hannunta yake kallo.

"Tafi gida, rabin raina... don Allah ki tafi."

"Ina zan je in bar ka?"

Laifin Mai Dashe dai aikinsa ne. Kofaton shanu ya cinye bakin rafin har ruwan ya koma laka, shi ne aka ɗauke shi ya kewaye wurin da waya, ya dasa itatuwa da ciyawa don ƙasar ta kama. Aka gina kwami daga can ƙasa, bututu na kai masa ruwa, nan dabbobi suke sha. A bakin kwamin nan suka fara gaisawa da Auta, gaisuwa ta yi tsawo har ta zama abin da ta zama. Da maganar ta kai kunnen Baba, amsa ɗaya ya bayar: wanda ya raba saniya da rafi ba zai zama surukinsa ba.

Yau kuma aka wayi gari kwami a bushe ƙayau, shanu na ta kuka. Dogo, ɗan kawunta da ta ƙi tun bara, shi ya kawo labarin wai Mai Dashe ne ya rufe ruwan da gangan. Yaya kuwa dama mai neman kuka ne, sai aka jefe shi da kashin awaki.

"Ku tambayi Dogo!" Auta ta faɗa cikin kuka. "Me ya kai shi gindin bututu da zan fita tatsa? Da idona na gan shi da tsumma a hannu!"

"Ji munafuka!" in ji Dogo. "Saurayi ya fi mata dukiyar ubanta."

Bai jira a tambaye shi ba. Ya ɗaga adda ya sassare wayar.

Saniya mai ƙishi ba ta jin kira. Garken ya kwarara ta giɓin, suna tattake dashen, suna ture juna. Mai Dashe ya yunƙura ya tashi a kan gwiwa.

"Kada su hau gaɓa! Ruwa ya rarake ƙarƙashinta, ba za ta ɗauke su ba!"

Yaya ya ruga ya sha gabansu, yana kaɗa sanda. Ya makara. Ƙasar ta tsage, gaɓar ta zabtare da shi da shanun da ke kanta.

"Innalillahi! Yaya!"

Can ƙasa laka ta riƙe shi har ƙirji, shanu na shure-shure a kansa. Auta ta waiga neman Dogo. Tuni ya ranta a na kare.

Mai Dashe ya miƙe yana tangaɗi. Ta riƙo rigarsa da hannunta mai lafiya.

"Masoyina, ko tsayuwa ba ka iya yi..."

"Ɗan'uwanki ne, Auta."

Ya zame ya sauka. Ta ga ya kutsa tsakanin shanun, ya cafki Yaya ta hammata, yana ja yana faɗuwa har ya turo shi kan tudu. Yana juyowa, babban bijimin Baba, da tsoro ya haukata, ya sa ƙaho ya ɗaga shi sama.

Ihun da Auta ta yi shi ya fito da Baba da sauran mutanen gida.

Yaya ne da kansa ya ɗauko Mai Dashe, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya kwantar da shi a cinyarta. Ta danna gyalenta a cikinsa, nan take gyalen ya jiƙe.

"Kalle ni... kalle ni mana, abin ƙaunata! Ka ce sai ka aure ni ko Baba zai shekara yana korarka!"

"Na faɗa..." Ya yi ɗan murmushi. "Auta... sauran shanun... a rufe giɓin."

"Za a rufe. Kai dai kada ka rufe ido!"

Ya rufe.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta sauke kansa a hankali, ta miƙe, karyayyen hannunta na reto. Ragowar garken na sake matsowa. Ta je ta tsaya a tsakiyar giɓin ita kaɗai, jininsa har ƙafarta.

"Auta, fito, za su take ki!" in ji Baba.

"Su take ni, Baba. Ta kaina za su bi."

Baba ya dubi ɗansa da ke raye, ya dubi wanda ke kwance. Ya taka a hankali ya tsaya kusa da ita, ya buɗe hannuwansa ya tare shanunsa.

"Ku kawo wayar," ya ce wa 'ya'yansa. "Ku ɗaure inda surukina ya ce."