Mabuɗin Jeneba

Da hantsi Mamutu Tarawele ya jawo aljihun teburin shagonsa na surfani da ke Madina Kura, a Bamako, ya tarar mabuɗin manhaja ba ya nan. Wani ɗan abu ne baƙi mai kama da filashi, bai kai tsawon yatsa ba, amma in ba a soka shi a jikin kwamfuta ba, manhajar zana aiki ba ta buɗewa ko za a kwana ana lallashinta. Babbar Sallah ta matso, ga shaddojin mutane jibge har bakin ƙofa.

Sufeto Dirisa Jara ya iso a kan babur. Mutum ne mai jinkirin magana, har abokan aikinsa kan ce sai ya gama tauna tambaya kafin ya fito da ita. Ya duba ƙofa, ba a taɓa kwaɗo ba. Kwamfutar na kan tebur, filashi masu launi-launi na cikin aljihun ba wanda ya ɗaga.

A bakin shagon wani tsoho na zaune a kujerar roba, fuskarsa na kallon titi. Sekuba ke nan, mahaifin Mamutu, wanda ya yi zamaninsa a kan keken surfani na hannu kafin ido ya ƙi. Da ya ji sunan baƙon sai ya ɗan murmusa, don Jara da Tarawele abokan wasa ne tun kaka da kakanni, suna tsokanar juna da cin wake.

"Jara aka turo mana? To, a ɓoye tukunyar wake, ɓarawo na biyu ya iso."

"Baba, ai waken gidanku ya kawo ni," in ji Sufeton. Tsohon bai rama ba, abin da Batarawele ba ya yi, kuma Jara ya lura.

Mamutu ya zayyana masa yadda abin yake. Ƙanwarsa Jeneba ce mai zana aikin shagon a kwamfuta, ita ke nuna wa allura inda za ta fara da inda za ta bi. Da daminar bara mota ta buge ta a kan gada, ba ta ko kai asibiti ba. Tun daga nan aiki ke tafiyar hawainiya, don tsohuwar manhajar sai gwani, kowane ɗinki da hannu ake jera shi. Ya daɗe yana auna manhajoji, wata tsada, wata ba ta jituwa da kekensu, har ya tsaya a kan wadda ake ba ta hoto ta fitar da ɗinki da kanta. Dillalin sabuwar manhajar ya yarda ya karɓi tsohon mabuɗin a rage farashi, kuma yau ne ranar musayar.

Matsalar ita ce zanen Jeneba. Mafi yawansu ba a fitar da su zuwa keke ba, suna kulle a tsohuwar manhajar, kamfanin kuwa ya daina yin irin mabuɗin. An shirya a kwashe su da safen nan kafin a miƙa shi. In bai fito ba, aikin hannunta ya rufu ke nan har abada. Da Mamutu ya zo nan sai ya juya yana gyara zaren da ba abin da ya same shi.

Shi dai zarginsa na kan Kajatu, yarinyar da ta gaji kujerar Jeneba, domin ita ta fi kowa ƙin canjin. Jara ya kira ta gefe.

"Me ya sa ba kya son sabuwar?"

"Cika ɗinki take yi, Sufeto. A kan shadda sai wuyan riga ya tattare. Na faɗa wa yaya Mamutu, bai ji ba."

"Jiya wa ya rufe aljihun?"

"Ni. Na zare mabuɗin na ajiye, kamar kullum."

"In mutum na son zanen Jeneba, mabuɗin zai ɗauka?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta ko ana ɗinki da cokali. Ta ce ba komai a cikinsa, izini ne kawai, zanen na cikin kwamfuta. Mai son su kwamfutar zai sunkuta, ko ya kwafe su a filashi ba wanda ya sani.

Dillalin, Lasina Kamara, ya iso da jakarsa yana share gumi. Shi ma bai ɗauki lokaci ba. Mabuɗin nasa ne yau da yardar mai shi, har ya yi wa wani tela a garin Segu alkawarinsa, ɓatan ya fi cutar da shi. Ya ƙara da cewa jiya a nan bakin ƙofa suka ƙulla cinikin, kowa na ji.

"Kowa?" in ji Jara.

"Har Baba. Shi ya tambaye ni ko abin da zan tafi da shi ke nan, na ce e."

Jara ya fito ya tsuguna kusa da tsohon, ya karɓi shayin da aka miƙo masa. Bai yi tambaya ba tukuna. A wuyan farar rigar Sekuba akwai jan shafi irin na rinin fata, ga kuma warin sabuwar fata. Wata siririyar igiya ta nutse cikin rigar. Nan Sufeton ya ji da ma wani aka turo ba shi ba.

"Baba, yaushe baduku ya ɗinka maka laya?"

Tsohon ya dafe ƙirji. Sannan ya ce, "Jiya bayan magariba. Kai Jara, ashe ba wake kaɗai kuka iya shinshinowa ba."

Bai yi musu ba. Ya ce shekara da shekaru yana zaune a nan yana jin Jeneba. Ta soka ɗan abin, aikinta ya bayyana, ta zare, ya ɓace. To, ina aikin yake in ba a ciki ba? Shi ya koya mata riƙon zare tun tana tsayawa a kan benci. Ga shi an binne ta, kuma jiya yana ji da kunnensa za a ba wani mutumin Segu abin da ya rage. Da Kajatu ta fita alwala sai ya lallaba ya laluba aljihun.

"Ban sata ba, ɗana. 'Yata na ɗauke."

Jara ya shiga ciki ya yi wa Mamutu bayani a taƙaice. Ɓarawon waje kwamfuta zai ɗauka. Kajatu da Lasina sun san mabuɗin fanko ne, kuma ba wanda ɓatansa ya amfana a cikinsu. Saura wanda ya ɗauka zanen na ciki, wato mai zama kusa da aikin kullum amma bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Mamutu ya nemi gafarar Kajatu, kansa a ƙasa.

Da ƙyar tsohon ya yarda ya ciro layar, sai da aka rantse masa ba za a sayar ba. Kajatu ta farke ɗinkin da reza a hankali. Baduku dai ya yi aikinsa yadda ya saba yi wa kowace laya, ya jiƙa fatar, ya shafa manne, ya bubbuga da guduma don ta kwanta. Mabuɗin ya fito a tsage, bakinsa a lanƙwashe. Ta miƙe bakin da ɗan ƙarfe ta soka. Ta zare, ta hura, ta sake sokawa. 'Yar fitilar jikinsa ba ta kama ba. Lasina ya karɓa ya jujjuya, ya girgiza kai, ya ajiye.

Sekuba na tsaye a bakin ƙofa, ya dafa bango, yana karkata kunne wajen teburin.

"Ya buɗe? Suna nan?"

Kajatu ta toshe bakinta da gyale. Mamutu ya dubi Sufeton, shi kuwa ya kawar da kai, don wannan ba ta cikin aikin ɗan sanda.

"Suna nan, Baba," in ji Mamutu. "Ba wanda ya ɓata."

"Alhamdu lillahi. To, a maido mini, kada ta sha iska."

Mamutu ya mayar da fasasshen mabuɗin cikin fatar, ya zare allura daga jikin labule, ya zauna ya ɗinke da hannunsa. Ya rataya wa mahaifinsa a wuya, ya gyara masa rigar.