Motar Araha ta Tanko Dillali

Ranar wata Talata cikin bazarar 1982, Insifekta Kalla yana ofishinsa a komisariyar 'yan sandan Madawa yana fama da fankar da ta ƙi juyawa, sai ga wani direban kamiyo, wato babbar mota, ya faɗo babu sallama, gumi na tsiyaya a wuyansa, yana kiransa Mushe, wato ranka ya daɗe da Faransanci.

"Mushe, mota ta faɗi gangaren hanyar Buza. Akwai gawa."

"Ka san mamacin?"

"Wa bai san shi ba? Tanko Dillali na."

Kalla ya ɗauki hularsa. Shi ma ya san Tanko. Mutumin yana da fili a bayan tashar Madawa inda yake sayar da tsofaffin motoci, kuma ba sau ɗaya ba aka kawo ƙararsa a kan ya sayar wa mutane ruɓaɓɓen ƙarfe. Duk ƙarar da aka kawo sai ta bi iska, don Tanko yana da baki, yana kuma da mutane.

Motar ƙaramar ta ɗaukar kaya ce, irin wadda ake kira bashe, shuɗiya, fentinta sai ƙyalli yake yi. Ta baro titi a inda gangaren ya yi kwana, ta gangara cikin kwazazzabo, ta kife a kan duwatsu. An riga an ciro Tanko an lulluɓe shi da tabarma.

Kalla ya bi titin da ƙafa har sama ya dawo. Babu alamar taya ta ja ƙasa ko kaɗan. Ya cire rigarsa ya kutsa ƙarƙashin motar.

Can ya ga abin. Siririn bututun da ke kai man birki ya tsage, kuma a daidai tsagar an naɗe shi da robar tayar keke, an ɗaure da waya. Robar ta bushe, wayar ta yi tsatsa, aikin ya daɗe. Amma notocin da ke riƙe da bututun a kowane gefe suna da sabon shatin sifana.

Tsohon faci, sabon ɗauri. Kalla ya sa aka kwance masa bututun, ya naɗe shi a cikin hankici. Da zai tashi ya lura da inda dutse ya kankare ƙofar. A ƙarƙashin shuɗin fentin, motar fara ce.

"Shi kaɗai ne a ciki?" ya tambayi mutanen da suka taru.

"A'a, da wata Bafillata. An kai ta likita."

Sunanta Fadimatu, mai tallar nono. Kalla ya same ta a kwance a likitar Madawa, wato asibiti, an lulluɓe ƙafarta ta dama da farin ƙyalle. Likitan ya ja shi gefe ya ce masa ƙafar ba za ta tsira ba, sai an yanke.

"Sannu, baiwar Allah. Yaya aka yi kika shiga motarsa?"

"Daga kasuwar Buza nike, rana ta yi zahi. Na ɗaga mishi hannu, yac ce in shiga, yau ranar murna ta, ba ya karɓar komi."

"Murnar me?"

"Wai ya sayi mota kamar kyauta. Tun da munka taso yake dariya, yana cewa mai ita wawa na, bai san darajar abinai ba. Wai Yaro Kamasho ad da cinikin."

"Sannan?"

Ta rufe ido. "Da munka kama gangare sai ya bar dariya. Yana ta taka ƙahwa, yana ta takawa. Ina jin shi yana cewa babu, babu. Daga nan ban san komi ba."

Washegari da hantsi Kalla ya isa tashar Buza. Yaro Kamasho siririn mutum ne mai jajayen haƙoran goro, wanda idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

"Kai ka sayar wa Tanko shuɗiyar bashe?"

"Ni tsakani kawai na shiga, ranka ya daɗe."

"Motar wa ce?"

"Wani Buzu na, daga arewa. Ya rufe huska da rawani, ko sunanai ban tambaya ba."

"Mutumin da ba ka sani ba ya ba ka mota, ya juya baya?"

"Ya yarda da ni, hwa."

"A tashar nan akwai masu neman mota. Me ya sa ka aika har Madawa a kira Tanko?"

"Shi ya hi kowa saye."

"Wani bai taya ba?"

"Babu wanda ya taya."

Wani mai shayi da ke kusa ya yi tsaki. "Ƙarya kake, Yaro. Liman mai hatsi ya taya ta da daraja, kac ce mishi an sayar, alhali Tanko bai ma iso ba."

Kalla ya dubi Yaro. "Shiga mota. Za ka huta a wurinmu har ka tuna fuskar Buzun nan."

Da suka koma Madawa, Kalla ya wuce filin Tanko. Makanikensa, Ayuba, yana zaune a kan tsohuwar taya ya rafka tagumi. Kalla ya buɗe hankicin ya ajiye bututun a gabansa.

"Ka san wannan?"

Ayuba ya kalla sau ɗaya ya kau da kai. "Ban taɓa ganinai ba."

Kalla ya zagaya ya duƙa ƙarƙashin wata mota da ke jiran mai saye, ya leƙa, ya miƙe.

"Zo ka ga. Bututun wannan ma an naɗe shi da roba. Dubi yadda aka murɗa wayar aka lanƙwasa bakinta ciki. Hannu ɗaya ne ya yi su. Ko dai ka gaya mini, ko in rubuta cewa kai ka kashe maigidanka."

Ayuba ya miƙe daga kan tayar.

"Wallahi aikina na, amma ba na bana ba na. Shekarun baya na yi shi, ga wata hwarar bashe. Na ce ma Alhaji a sayi sabo, yac ce in lulluɓe kawai, in ta bar hilinmu ba ruwanmu."

"Wa ya sayi farar?"

"Wani manomin albasa daga Tamaske. Maiguwa."

"Me ya same shi?"

Ayuba ya sunkuyar da kai. "Shi ba abin da ya same shi. Ɗanai Bala ad da tuƙi. Ya ɗauko matatai tana naƙuda zai kawo ta likita. Gangaren nan dai. Ba wanda ya hita."

"Maiguwa ya zo nan bayan haka?"

"Ya zo. Alhaji yana cin nama bisa tabarma, ko tashi bai yi ba. Yac ce mishi mota da ganinta aka saye ta, in yana son sabuwa ya tahi inda ake ƙera su. Mutane sunka yi dariya. Tsohon ya juya ya tahi."

A komisariya, Kalla ya buɗe ɗakin da aka ajiye Yaro, ya faɗi suna ɗaya kawai: Maiguwa. Yaro ya zube a ƙasa.

"Shi na, ranka ya daɗe. Yac ce kar in ambaci sunanai, kuma kar in ba kowa sai Tanko, komi ƙanƙantar tayin da ya yi. Na ɗauka tsohuwar kunya ce tsakaninsu. Wallahi ban san da wani abu a cikinta ba."

Washegari, rana ta take tsaka lokacin da Kalla da ɗan sanda guda suka shiga Tamaske. Aka nuna musu gidan a bakin gari, kusa da lambunan albasa. Babban gida ne, amma shiru kamar ba kowa. Suka tarar da dattijo a zaure yana tsince albasa, mai faɗin kafaɗa, gemunsa fari fat.

"Salamu alaikum. Malam Maiguwa?"

"Alaikumus salam. Ni na. Ku zamna."

"Baba, ina farar bashen da ka saya wurin Tanko Dillali?"

"Ta daɗe da zama ƙarhe. Maƙera sunka kwashe."

"In leƙa cikin gida?"

Dattijon ya ɗaga kafaɗa.

A bayan rumbu akwai wata rumfa ta zana. Ƙasan wurin ya sha baƙin mai, ga shatin tayoyi huɗu, ga ɗigon shuɗin fenti a jikin katanga. A kan wata ƙusa an rataye bututun birki sabo fil, mai ɗan danshin mai a bakinsa. Kalla ya sauko da shi ya koma zaure, ya ajiye shi kusa da tsohon bututun da ya zo da shi.

"Da wannan sabon ka tuƙa ta zuwa Buza. A can ka cire shi ka mayar da wancan."

Maiguwa ya daɗe yana kallon bututun biyu. Sannan ya share hannunsa a riga, ya gyara zama.

"Ya mutu?"

"Ya mutu."

"A gangaren?"

"A gangaren."

Dattijon ya sauke dogon numfashi, kamar wanda ya ajiye buhu bayan tafiya mai nisa.

"To, rubuta, Mushe. Ba ni ɓoye komi. Gonar ubana na sayar na sayi motar nan, don Bala ya bar tahiya cin rani, ya zamna kusa da ni yana kai albasa kasuwa. Shi kaɗai gare ni. Tanko ya dahwa kan motar ya rantse mini birkinta sabo na. Ni na ciro Bala da hannuna. Ni na ciro matatai Zaliha da abin da ke cikinta. Uwar Bala ba ta ga damina ta gaba ba."

"Ka kai ƙara?"

"Na kai. Anka ce ƙaddara ta. Na yarda da ƙaddara, amma na ga robar nan da idona. Sai na sa shanu sunka jawo mini motar har gida. Na tahi Sakkwato, da hurhurata, na zama yaron gareji. Yara na aikena, ina wanke musu ƙarhe, har na iya. Duk rani in dawo da abu guda in ɗaura mata."

"Duk don ka kashe shi."

"Ban ƙara mata komi ba. Ban yanke ba, ban huda ba. Abin da ya sa mata, shi na mayar mata. Yadda ya sayar mini, haka na sayar mishi. In da ya duƙa ya duba, da ya gani. Amma na san shi. In ya ji araha ba ya duba komi, kuma ba ya ba kowa tuƙin abin da ya saya."

"Ba ka nadama?"

"Nadama guda gare ni, ban tsaya bisa dutsen na ga huskatai ba."

Kalla ya naɗe bututun a hankali. Tun da ya fara aikin nan bai taɓa jin ya ƙi jinin mamaci kamar yadda ya ƙi jinin Tanko ba. Amma ya ga abin da ke ƙarƙashin farin ƙyallen nan a likita.

"Baba, ba shi kaɗai ne a motar ba."

Hannun dattijon ya tsaya a kan albasar da ya ɗauka.

"Ya ɗauki wata mata a hanya. Fadimatu, mai tallar nono. Tana da 'ya'ya ƙanana a ruga. Yau da safe aka yanke mata ƙafa."

Albasar da ke hannunsa ta faɗi ta gangara har bakin ƙofa.

"Tanko ba ya ɗaukar kowa kyauta," ya ce da wata irin murya. "Na bincika. Bai taɓa ba."

"Ranar yana murna."

Dattijon ya miƙa hannayensa da kansa aka sa ankwa. Maƙwabta sun cika ƙofar gida. Da za a sa shi a mota ya juyo.

"Mushe, alhwarma guda. Kahin ka kai ni gidan kaso, ka biya da ni wurinta."

Kalla ya gyaɗa kai.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka isa likitar Madawa. Mijin Fadimatu yana tsaye a bakin gado da sandarsa. Maiguwa ya durƙusa a kan siminti, ankwa na ƙara a hannunsa, ya faɗa mata ko shi wane ne da abin da ya yi, bai rage komai ba.

"Ɗiyata, ba ke na nuhwa ba. Ki yahe mini."

Fadimatu ta dube shi tun daga gemunsa har gwiwoyinsa. Idonta a bushe yake.

"Da wace ƙahwa zan kai nono kasuwa? Da wace zan bi 'ya'yana? Mi na yi maka, tsoho? Ban yahe ba. Allah ya isa tsakanina da kai."

Ta juya fuskarta ga bango.

Maiguwa ya daɗe a durƙushe. Sai Kalla ya kama kafaɗarsa ya tashe shi. Suna fita baranda dattijon ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba:

"Gaskiyarta. Ni ma da Tanko zai taso ya durƙusa haka, abin da zan ce mishi ke nan."

Kalla ya buɗe masa ƙofar motar, ya riƙe shi har ya hau.