Ruwan da Efren Ya Zuba

"Don Allah, Efren, kada ka ambaci kakanka. Yau ɗin nan kawai…"

Dalisay ce ke roƙon saurayinta ƙasa-ƙasa, suna hawa tudun da ke bayan tashar jirgin ruwa. Kakarta, Lola Pilang, tana gaba da sandarta. Duk shekara tsohuwar na zuwa wannan tsibiri, inda aka sassaƙa sunan mahaifinta a dutsen tunawa da waɗanda sojojin Japan suka kashe a lokacin yaƙi. Bana Dalisay ta zo da Efren don Lola ta sa wa aurensu albarka, amma ta ɓoye mata cewa kakansa sojan Japan ne.

"Ba zan ce uffan ba, farin cikina."

"Kai, ɗan birnin Davao!" Lola ta waigo. "Ni mai sanda ce zan riga ka? Haka za ka riƙe min jika?"

Suka yi dariya har da ita.

A gaban dutsen Lola ta kunna kyandir, ta shafa sunan, ta yi addu'a. Idon Efren ya cika da ƙwalla. Ya buɗe gorar ruwansa, ya tsiyaya a kan dutsen a hankali, ya haɗa tafin hannu ya sunkuya.

Dalisay ta saci kallon Lola.

"Wa ya koya maka wannan?" in ji Lola.

"Mahaifiyata. Ta ce da ƙishirwa suka mutu, shi ya sa…"

"Mu kyandir muke kunnawa. Masu zuba ruwa 'yan Japan ne, a ɗaya gefen tsibirin suke tsayawa, na sha ganinsu. Jikan wane ne kai?"

"Lola, ki bari na yi miki bayani!" Dalisay ta riƙo ta.

"Ba ke na tambaya ba."

Efren ya faɗa wa Lola gaskiya. Sannan ya miƙa hannu zai ɗora nata a goshinsa, yadda ake neman albarkar manya. Ta janye.

"A kan tudun nan suka shanya babana a rana, yana roƙon ruwa, ina kwance cikin ciyawa ina ji. Sai yanzu kuka kawo?"

Ta durƙusa da ƙyar, ta fara goge dutsen da bakin siket ɗinta.

"Dalisay…" in ji Efren. "Ki ce wani abu, rayuwata. Ko a ba ni dutsen duka na goge."

Dalisay ta dube shi, mutumin da take so fiye da kowa. Ta dubi matar da ta goya ta tun rasuwar mahaifiyarta.

"Ka yafe min… ka tafi, Efren."

Ta durƙusa kusa da Lola, ta fitar da hankicinta. Ko da jirgin ya busa ƙaho a ƙasa, ba ta ɗago ba. Gogewa kawai take yi, hawayenta na sake jiƙa inda ta goge.