Kwamfutar Alhaji Gwadabe

A'a, ba gaba suke yi ba. Ashraf yana gaishe ta, Hajiya Hauwa'u tana amsawa, ai ɗanta ne. Amma tun abin nan ba ta sake kallon shi ido cikin ido ba. Matso, ba ni son ɗaga murya.

Mijinta, marigayi Alhaji Gwadabe, kafin ciwo ya kwantar da shi ya ɗauki karatun Alƙur'ani da muryarshi cikin kwamfuta, irin ta ɗorawa a cinya. Bayan rasuwarshi, kullum aka sallame magariba sai Hajiya ta kunna a tsakar gidansu nan Gobarau, ta zauna da ɗiyarta Iklima suna saurare.

Sai Ashraf ya dawo hutu, ya ce kwamfutar ta yi nauyi, zai wanke ta, wato ya share duk abin da ke ciki, ya sa mata sabuwar manhaja. Da uwar ta tambayi karatun, ya ce yana ajiye a intanet, da ta kama wayfai zai dawo.

To, ta ƙi kamawa. Ya kashe ya kunna. Ya sake lambobin sirri. Ya cire ɗan akwatin wayfai daga wuta ya mayar. Wayar kowa a gidan tana kamawa, ita ko alamar ba ta nunawa. Ya kai wa mai gyara a Babbar Kasuwa, can ta kama sarai, yana shigowa zaure ta ɗauke. Hajiya kuwa kullum da tambaya ɗaya, ranta na ƙara ɓaci.

Wata ranar Laraba, rana ta yi ja, kaji sun shiga akurki, Ashraf yana bisa soro da kwamfutar yana neman sabis. Gidan ya yi tsit. Sai dutse ya faɗo tsakar gida. Wani ya biyo, ya fasa randa. Aka leƙa lungu, ba kowa. Iklima tana tankaɗe, sai ta aje rariya, ta miƙe, ta kalli yayanta da idanun da ba nata ba.

Haka aka shiga mako. In magariba ta doso a yi jifa, yarinya ta sandare. Ba ci, ba magana, tana ta ramewa. Hajiya ta aika unguwar Kambarawa aka ɗauko Malam Abbas mai ruƙiyya.

Ya zauna bakin tabarma ya fara karatu a hankali. Bai yi nisa ba Iklima ta yi wata ƙara, muryar tsoho ta fito daga bakinta.

"Dakata, Malam, ni ma musulmi ne."

"Musulmi ke azabtar da marainiya? Mi ta yi maka?"

"Ita ba komai. Wancan ne. Tun Gwadabe na da rai nake zama gindin bangon nan ina sauraren karatunshi. Yaron ga ya goge. Ya raba ni da abin da nake ji, ni ma na raba shi da abin da yake nema."

Hajiya ta ce, "Ai yana intanet."

"Ba ya ko'ina, Hauwa'u. Tambaye shi."

Ta juya. Ashraf ya sunkuyar da kai. Ya ce bai kwafe ba, sai da ya gama wankewa ya tuna, kuma ya rasa bakin faɗa mata.

Hajiya ta taso mashi. "Ka goge ubanka, ka zo kana mani wasa da akwati? Ka bar ni ina jira kamar wawuya? Dubi ƙanwarka!"

Malam Abbas ya ce wa aljanin ya fita ko ya ci gaba da karatu a kanshi. Aljanin ya ce sai an maido mashi muryar. Malam ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, ya nemi wanda ake iyawa. Sai muryar tsohon ta ce:

"To ɗan ya karanta. In ji sau ɗaya, in bar gidan."

Ashraf ya yi alwala, ya ɗauko Yasin, yana tuntuɓe Malam na gyara mashi. Ashe muryar da kama da ta uban. Hajiya ta juya fuskarta bango.

Da ya kai ƙarshe tsohon ya ce, "Ba shi ba ne. Amma na ji." Ya yi sallama. Iklima ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce a ba ta ruwa.

Nan take kwamfutar ta kama. Ashraf ya ɗauko ta zai nuna wa uwar.

Ko kallo ba ta yi ba. Ta ce, "Ta kama ta kawo mani wa?"

Bari in tashi, ga mata can sun yi sallama ban ko shimfiɗa masu tabarma ba.