Fiyonin Mama

Ranar da Mateo ya fara ganin Linnea, tana tsaye a ƙofar sabon gidanta a gefen garin Duluth, ta rungume wani tsohon bokiti kamar jariri. Filin gidan laka ce zalla, an ɗauko shi ne ya gyara ya yi shuka. Gogan naka ya shagala da kallonta har baro ya kife masa.

"Mai shebur, aiki ka zo yi ko kallo?"

"In kin yarda, duka biyun."

Kafin kaka ta wuce sun shaƙu. Sai dai ranar da ya gama aiki yana kwashe shara, ya ga bokitin nan a bayan gida da wata baƙar saiwa a ciki, ya juye a mota ya kai juji.

Ashe saiwar wani fure ce mai suna fiyoni daga lambun marigayiya mahaifiyar Linnea, ita kaɗai ta rage bayan an sayar da tsohon gidansu. A danginsu kuwa amarya ba ta shiga coci sai da furenta a hannu.

Linnea ta yi kuka har idonta ya kumbura. Mahaifinta Arvid ya ce, "Wanda ya zubar da furen uwarki shi zan ba ki? Ba dai ina raye ba."

Mateo ya turo mata saƙo: "'Yar bokitina, ban sani ba, amma laifina ne. Ba zan nemi gafara ba sai na dawo miki da ita."

Dusar ƙanƙara ta rufe jujin, ta hana shi tono har sanyi ya wuce. Da ta narke kullum yana can, sai wata safiya ya hango jajayen tsiro sun leƙo daga ruɓaɓɓen ganye. Ya tono saiwar da hannunsa, ya dasa ta a ƙarƙashin tagar Linnea.

Ta fito ta durƙusa kusa da shi. "Kai dai ba ka da hankali, masoyina. Dubi hannunka."

Arvid ya zo ya duba, ya ce, "To. Ranar da ta yi fure, ku yi aure."

Tsohon ya sani sarai fiyoni in an canja mata wuri fushi take yi, sai ta yi shekaru ba fure. Mateo ma ya sani.

"Na yarda, Baba."

Bazara ta zo, ganye kawai. Ta sake zagayowa, ganye kawai. Arvid ya fara kawo wani saurayi likitan haƙori cin abinci ranar Lahadi, Linnea ta riƙa zuba masa kofi tana kallon taga.

Wata safiya a bazara ta uku wayar Mateo ta yi ƙara: "Mai shebur, tururuwa sun cika tohon! Zai buɗe. Zo ka gani, zuciyata kamar ta fito."

Ranar auren Arvid ya iso da almakashin matarsa. Ya yanke furen, ya daɗe yana shinshinawa, sannan ya miƙa wa Mateo.

"Kai za ka ba ta, ɗana. Ni na ɗauka gajiya za ka yi. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'yar da za ku tsaga wa wannan saiwar."