Ciyawar da Ba a Taɓa Ba

Ayarin madugu Agali ya iso gindin dutsen Madet da hantsi, a hanyar dawowa daga Bilma, raƙuma na nishi ƙarƙashin kantun gishiri da buhunan dabino. A nan suka bar ajiyarsu lokacin tafiya, kamar yadda muka tashi muka ga ana yi: kowa ya sauke rabin dammunan ciyawar da ya yanko, ya tara nasa gefe, ya danne da duwatsu, don dabba ta sami abin ci a dawowa. Daga nan har bakin duwatsunmu babu ko tsinke a ƙasa. Wanda wuya ta kai wa wuya yana iya ɗiba a ajiyar wani, amma sai ya zana tambarin raƙumansa a jikin dutse. In ya yi haka, ba wanda zai kira shi ɓarawo.

Ran nan babu tambari a jikin dutse. Dammuna a kwance, igiyoyi a gefe, iska ta yi awon gaba da abin da mai ɗiba ya rage. Tari ɗaya kaɗai ke nan daram, ko dutse ɗaya ba a ɗaga a kansa ba. Na dattijo Attahir ne.

Attahir ya kwance nasa ya raba wa kowa, amma bai isa ba. Wanda abin ya fi dokewa Bazo ne, mutum mai 'yan raƙuma kaɗan da 'ya'ya da yawa. Dabbobinsa suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙi hawa raƙumin kowa, ya ce ba zai ƙara wa dabba mai yunwa nauyi ba. Ya yi ta takawa a ƙasa har ƙirji ya kama shi. A cikin rairayi suka binne shi, ana hango duwatsun gida.

To, ku zo mu koma garinmu Timiya, wurin Tekna matar Attahir, don ita ce ta warware maganar. Mace ce gajera mai kaifin ido, ba ta zama hannu sake. Kullum da kaba a cinyarta tana tufka igiya. Igiyarta ba ta ɓata, domin takan saka silin gashin baƙar akuya a ciki.

Tun kafin a gama zaman makoki magana ta zaga gari. Wai Attahir ya haɗa baki da wasu sun sayar da ciyawar mutane, shi ya sa aka tsallake tasa. A masallaci aka fara barin fili tsakaninsa da na kusa da shi. Asalama matar marigayi, wadda suka yi shekaru suna daka a turmi ɗaya da Tekna, ta juya fuska ga bango da Tekna ta shiga gaisuwa. Dattawa suka ce in an yi sadakar Bazo ba a gano komai ba, ba wanda zai sake ɗaura akalarsa a layi ɗaya da Attahir. Mutumin da ya yi furfura a hanyar gishiri, in ka raba shi da ayari, ai ka haƙa masa kabari ne yana numfashi.

Da mijinta Tekna ta fara bincike. Ta haɗa masa shayi, ta bari ya sha na farko, sannan ta tambaye shi dalilin da tarinsa ya fi na kowa girma. Ya ce da yawa ya yanko. Ta tambaye shi me ya sa ya ajiye shi a bakin hanya, alhali shi kullum a lungun dutse yake ajiya. Ya ce nan ya ga wuri. Ya ja amawalin rawaninsa sama ya rufe baki, ya kalli garwashi. Ta san bai yi sata ba, amma ta san akwai abin da ya haɗiye.

Washegari ta sami madugu Agali a lambunsa yana ba rumman ruwa.

"Madugu, mai gidana ya taɓa rabuwa da ku, tafiya ko dawowa?"

"Ko don kama ruwa ba ya nisa."

"Sawu fa?"

"Iska ta share. Kashin raƙumi dai mun gani, bai gama bushewa ba."

"Igiyoyin, yanka su aka yi?"

Agali ya ajiye fartanya. Ya ce a'a, kwance su aka yi ƙulli bayan ƙulli, wasu ma an naɗe su an ɗora dutse a kai don kada su tashi. Shi a ganinsa baƙi ne, masu wucewa daga gabas.

Tekna ta ce baƙo mai sauri wuƙa yake sa wa igiya. Wanda ya tsaya ya kwance ya naɗe, ya san wahalar tufka, ya tashi yana ganin uwarsa na yi. Sannan baƙo da ya iso, wane tari zai fara cin karo da shi? Na Attahir, ga shi a bakin hanya, ga shi ya fi kowane kyau. Me zai sa ya zagaye shi ya shiga ciki? Agali ya ce wannan bai zo masa a rai ba, tashin hankali ya yi masa yawa a ranar.

Ayari ɗaya ne namu da ya riga su barin Bilma, na Wantiti. Kowa ya san Wantiti da Bazo sun daɗe ba sa ga maciji saboda rigimar rijiyar lambu. Wantiti kuma taubashin Tekna ne, ɗan kawunta, don haka ba ta yi masa sallama mai tsawo ba. Ta tarar da shi yana shafa wa wani amalen raƙumi mai a ƙuraje.

"Kai mai cikin salka, an ce kai ka cinye ciyawar mutane."

"Ke tsohuwar akuya, da ni ne ai da ta mijinki zan fara. In ci taku in kwana lafiya, wa zai tuhumi taubashi?"

Ta yi dariya ba don tana so ba. Maganar ta zauna mata: gaskiya ya faɗa. Wantiti ba zai tsallake kayan Attahir ba, sai ma ya ɗiba ya zo yana yi mata gori. Sannan ajiyarsa ba a Madet take ba, tana can gaba, kuma mutanensa duk sun shaida ba su tsaya ba. Da ta ambaci Bazo sai fuskarsa ta sauya. Ya ce rigimarsu ta ruwa ce, ba ta rai ba. Shi ya ɗauki gawar uban Bazo a kafaɗarsa.

Ta tambaye shi ko akwai wanda ya rabu da layi. Ya ce babu, sai dai Gumar, da ya ce taguwarsa na ɗingishi, ya tsaya baya da nasa raƙuman kusa da Madet, ya cim musu daga baya. Yana faɗa ya kalle ta, ita ma ta kalle shi. Ba wanda ya ƙara tsokanar wani.

Gumar mijin Talit ne, 'yar Tekna. Shi ya sa ma bai bi ayarin Agali ba: yaya mutum zai yi wata da watanni yana hanya da surukinsa, alhali ba ya iya kai loma baki a gabansa, ba ya iya kiran sunansa? Yaro ne mai kunya ƙwarai, ko a cikin masu kunya. Tekna na son sa kamar ita ta haife shi.

Ba ta nufi gida ba. Ta gangara kwari inda ake kiwon raƙuman da suka dawo. Ta tsaya ta duba taguwar Gumar tana tafiya, ta zagaya ta duba tafin ƙafafunta. Lafiya lau, babu ko tsaga. Ta duba tozon sauran. Dabbobi ne da suka ƙetare rairayi, amma ba su rame kamar yadda ya kamata ba.

Daga nan ta shiga tantin 'yarta, wanda ke 'yan taku kaɗan daga nata. Talit na kwance, har yanzu jikinta bai dawo ba. A ƙarshen damina ta haihu, jaririn bai zo da rai ba, ita ma da ƙyar ta sha. Lokacin kuwa shi ne lokacin da maza ke fita yankan ciyawa. Tekna ta tuna Gumar zaune a bakin tantin nan safe da yamma, ana ta wucewa da lauje shi bai motsa ba, sai a ƙurarren lokaci ya fita. Ta ɗaga kai ta dubi sandar tanti. Igiyoyin ɗaure dami da ta tufka musu da hannunta, ga fiye da rabinsu nan a rataye, ko datti ba su yi ba.

Ta zauna a ƙasa.

Kun ga inda ta tsaya. In ta yi shiru, mijinta ya mutu a tsaye. In ta yi magana, ta rushe tantin 'yar da ba ta gama kukan ɗanta ba. Ta daɗe tana juya silin kaba a hannu, har Talit ta ce, "Inna, lafiya?" Ta ce mata ta aika a kira Gumar.

Da la'asar ya zo. Bai shiga ba, ya durƙusa a bayan tabarmar tanti, amawali har gindin ido. Tekna na ciki ta juya masa baya. Suruka ba ta yi wa suruki magana kai tsaye, don haka 'yarta ta fuskanta, ko da yake tabarma ce kawai tsakaninsu.

"Talit, ki tambayi mai tantin nan, taguwarsa ta warke?"

Can aka ce daga waje, "Ki ce ta warke."

"Ki tambaye shi, da dami nawa ya bar garin nan, tunda ga igiyoyina a rataye?"

Tekna ta ci gaba.

"Ki gaya masa abin da na gani. Wanda ya ɗebi ciyawar nan namu ne, don bai yanka igiya ba. Ba mugu ba ne, don ya naɗe ta ya danne. Yunwar dabba ce ta kai shi. Ya iso tarin farko, mafi kyau, ya ga silin baƙar akuya a igiyar, ya san na wane ne, hannunsa ya ƙi miƙuwa. Ɓarawo ba ya tsallake mai kyau. Maƙiyi ba ya tsallakewa, taubashi ma ba ya yi. Mutum ɗaya ne a duniya ba zai iya taɓa kayan mai gidana ba ko da zai mutu."

Talit ta rufe bakinta da mayafi.

"Ki tambaye shi abu ɗaya da ban gane ba. Me ya hana shi zana tambarinsa?"

Muryar da ta fito daga bayan tabarma ba ta yi kama da tasa ba. Ya ce ya ɗauki dutsen zane har ya kai jikin dutse. Sai ya tuna wanda zai zo ya gani. Surukinsa zai san ya ba 'yarsa ga mutumin da bai iya tanadin ciyawar dabbobinsa ba. Ya ce kaɗan-kaɗan ya so ɗiba a kowane tari yadda ba za a lura ba, sai iska ta taso dammuna na kwance, ya yi ta tarewa da hannu da rawani, ta fi ƙarfinsa. Ya gudu. Tun da ya ji labarin Bazo abinci bai zauna a cikinsa ba.

Tekna ta ce, har yanzu 'yarta take kallo, "Ki ce masa ni ba zan kai maganar ko'ina ba. Bakinsa ne zai kai."

Ranar sadakar Bazo, bayan an shafa fatiha, Gumar ya jawo raƙumansa duka a layi ɗaya, da gishirinsu a kai, ya gurfanar da su a ƙofar Asalama. Ya juya ga dattawa ya faɗi komai, bai rage ba. Ba wanda ya ɗaga murya. Asalama ta aiko daga ciki cewa ta karɓa saboda marayu, amma kada ta ƙara ganin fuskarsa. Dattawa suka yanke ya bar Timiya, ya bi masu kai gishiri kudu yana yi musu kiwo, har ranar da iyalan Bazo suka ce ya dawo. Talit ta ce tantinta na nan a kafe, ba za ta kwance shi ba.

Mutane suka taso suna ba Attahir hannu, wanda ya matsa daga gare shi a masallaci shi ne kan gaba. Ya karɓi hannun kowa. Asalama ta aika wa Tekna da turminta, wai ta ji na Tekna ya tsage.

Da rana ta yi sanyi Tekna ta sami mijinta a bayan tanti, yana kallon hanyar da Gumar ya bi. Ta ajiye masa shayi, bai taɓa ba. Ta ce an wanke sunansa, sai ya saki rai.

Ya ce tun kafin a tashi ya ga dammunan yaron, ya san ba za su kai shi gida ba. Shi ya sa ya koma daji ya ƙara yanka har bayansa ya riƙe. Shi ya sa ya tara a bakin hanya, inda duk wanda ya riga su isowa zai fara gani, ya ɗaure da igiyar da yaron ya fi sani.

"Don shi na ajiye," in ji Attahir. "Nasa ne."

"Me ya hana ka gaya masa?"

Ya ja amawalinsa har gindin ido.

"Da wane baki?"

Tekna ta zauna kusa da shi. Ta ɗauko kabarta ta ɗora a cinya, amma ba ta tufka ba. Shayin ya huce a tsakaninsu.